Yadda matsa da murɗa ke ninka ƙarfin alminiyom

A birnin Greensboro na jihar North Carolina a Amurka ne kamfanin Honda ke ƙera ƙaramin jirgin samansa, HondaJet, wanda aka yi fukafukansa da alminiyom. Dalilin zaɓen wannan ƙarfe, da Hausawa ke kira sanholo, a bayyane yake: nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe. Matsalarsa ita ce taushi, shi ya sa ake gauraya shi da wasu ma'adinai. Sai dai masana sun gano wata hanyar ƙara masa ƙarfi ba tare da an ƙara masa komai ba.

Sirrin yana cikin ƙwayoyi

Duk ƙarfen da ido ke gani sumul, tarin ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna. Idan ƙarfe zai lanƙwashe, wasu 'yan kurakurai da ke cikin jerin zarrarsa ne ke zamewa, kuma iyakar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya ita ke tare musu hanya. Saboda haka gwargwadon ƙanƙantar ƙwayoyin, gwargwadon yawan iyakokin, gwargwadon ƙarfin. Masana biyu, E. O. Hall a 1951 da N. J. Petch a 1953, su ne suka tabbatar da wannan ƙa'ida.

Maƙeran ƙasar Hausa sun san wani ɓangare na batun tun da daɗewa: ƙarfen da ya sha guduma ya fi tauri. Amma guduma tana baje ƙarfe, har ya yi siriri ya tsage. Abin da masana suka nema shi ne yadda za a yi ta murza ƙarfe siffarsa ba ta sauya ba.

Hanyoyi uku

Ta farko ta samo asali daga gwaje-gwajen Percy Bridgman na Jami'ar Harvard a shekarun 1930: a danne ɗan faifan ƙarfe da matsi mai tsanani, a kuma murɗa shi. Bridgman ya sami kyautar Nobel a 1946.

Ta biyu Vladimir Segal ne ya ƙirƙiro ta a birnin Minsk a shekarun 1970. Ana tura sandar ƙarfe ta cikin wata kafa mai kwana kamar gwiwar hannu. Sandar na fitowa da kaurinta na farko, don haka ana iya mayar da ita sau da dama.

Ta uku ta fito ne daga Jami'ar Osaka ta Japan a 1998: a ɗora falle kan falle, a murje su, a yanka biyu, a sake ɗorawa. Zagaye 10 kacal na samar da hawa 1,024.

Ta waɗannan hanyoyi ƙwayoyin kan koma ƙasa da maikiromita ɗaya, alhali kaurin gashin ɗan Adam kusan maikiromita 70 ne.

A 2010, wani ayarin masana da ya haɗa da Simon Ringer na Jami'ar Sydney, da Ruslan Valiev na birnin Ufa a Rasha, da Yuntian Zhu na Jami'ar Jihar North Carolina da ke Raleigh, ya yi amfani da hanyar murɗawa a kan alminiyom samfurin 7075 da ake ƙera jirage da shi. Ƙarfinsa ya kai gigafaskal ɗaya, wato kusan ninki biyu na wanda aka saba.

Me ya hana fasahar yaɗuwa?

Faifan da ake murɗawa sau da yawa bai wuce girman kwabo ba, fiffiken jirgi kuwa mitoci ne. Zafi ma abokin gaba ne, domin yana sa ƙwayoyin su sake girma, ƙarfin ya ragu, kuma walda na iya jawo hakan. Bayan haka, ƙarfen da ya yi tauri ƙwarai ba ya miƙewa sosai kafin ya karye, abin da injiniyoyin jirage ba sa wasa da shi.

Duk da haka binciken bai tsaya ba, domin ribar a fili take. Ƙarfe mai ƙarin ƙarfi na nufin sassa marasa nauyi, kuma duk kilon da aka rage wa jirgi ko mota, mai ne aka tsimi a kowace tafiya.