YADDA ƘISHIRWA KE KASHE ƘWARON WAKE

Duk shekara manoman Maigatari, Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar suna asarar wake saboda ƙwaro. Manomi zai ajiye buhu da kaka domin ya kai kasuwar Maigatari ran Alhamis idan farashi ya tashi. Kafin wata uku ko huɗu sai ya tarar da waken duk huji da gari. Amma ƙwaron nan yana da lago, kuma lagonsa shi ne ruwa.

A wurin ƙwari, ci da sha tafiyarsu ɗaya. Fara, alal misali, daga ɗanyen ganye take samun yawancin ruwanta. Idan ƙishirwa ta kama ta, sai ta rage cin busasshen abu, ta nemi mai danshi.

To, shi ƙwaron wake fa, ina yake samun ruwa cikin busasshen wake? Macen tana yin ƙwai a jikin ƙwayar wake. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta huda ta shiga ciki. Can za ta zauna tana ci har ta zama ƙwaro, cikin kamar wata ɗaya. Ba ta shan ko ɗigo. Jikinta ne ke haɗa abincin da ta ci da iskar da ta shaƙa, ya samar mata da yawancin ruwan da take bukata. Ke nan cinta shi ne shanta.

A shekarar 2012 masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka da cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Maraɗi suka bayyana abin da ke faruwa idan aka toshe iska. Ƙwarin suna shaƙe 'yar iskar da ta rage. Da ta yi ƙaranci sai tsutsa ta daina ci. Ba ci, ba iska, ba ruwa. Jikinta ya bushe, ta mutu.

Wannan ita ce hikimar buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Ba ya bukatar maganin ƙwari, wanda kan cutar da iyali idan ba a bi ƙa'ida ba.

Ga abin da manomi zai kiyaye:

1. A shanya wake ya bushe sarai, a tsince datti.
2. A duba kowace leda, kada a samu huji.
3. A matse iska, a ɗaure kowace leda daban.
4. A ɗora buhu kan katako, nesa da ɓera.
5. Kada a riƙa buɗewa. Iska ta shiga, ƙwaro ya farfaɗo.

Wanda bai samu buhun ba, jarka ko duro mai tsabta da murfi mai kamawa za su yi, muddin an cika su taf. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta ya sanar da maƙwabcinsa.