Yaron Da Ba Ya Amsa Kira: Abin Da Iyaye Za Su Iya Koya

Jama'ar zango, akwai wata magana da mu ke ɓoyewa a cikin gidajenmu na nan Madina, ni kuwa na ga ya kamata a fito da ita fili. Maganar yaran nan ce da a kan kira sunansu ba su waiwayo, ko su kai shekara uku bakinsu bai buɗe ba, ko kuwa waɗanda ba su iya zama wuri ɗaya ko da na ɗan lokaci. Mu kan ce taurin kai ne, ko iska ce ta taɓa shi, sa'an nan mu kulle yaro a ɗaki don kada baƙi su gani.

Ni kaina na yi wannan kuskure. An taɓa kawo mini wani yaro ɗan shekara biyar, in yara suka ɗaga murya da karatu sai ya toshe kunnuwansa ya yi ta kaɗa jiki. Na ɗauka raini ne, na nuna masa bulala. Washegari da ya hango ƙofar makaranta sai ya faɗi ƙasa yana ihu. Watau dai abin da na koya masa ke nan, tsoro.

Likitoci suna da sunan wannan hali. Larabawa su kan ce tawahhudi, a gida kuwa waɗansu na cewa galahanga. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, shi ya bayyana shi a 1943 bayan ya duba yara 11. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen yaro 1 cikin 100 yana da shi. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma rashin horo ba. Yaron da ya cika shekara bai amsa sunansa ba, ko ya yi wata 18 ba ya nuna abu da yatsa, ko ya yi shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, a kai shi asibitin unguwa, a fara da gwada jinsa, don wani kurumta ce kawai. Wanda ya rasa ta inda zai fara, Ma'aikatar Lafiya tana da lambar waya 937.

To, ba wata ƙwaya da ke kawar da tawahhudi. Abin da ke taimako shi ne koyarwa, kuma mafi yawanta a hannun iyaye ta ke. Hukumar nan ta shirya wani horo domin masu renon yara 'yan shekara 2 zuwa 9, zama 9 a cikin taro da ziyara 3 har gida, an gwada shi a ƙasashe da yawa, har da Habasha da Kenya. Ba sai likita ne zai koyar ba. Abin da a ke nuna wa uwa bai fi ƙarfin kowa ba: ta durƙusa daidai idon yaro, ta shiga wasan da shi ya zaɓa, ta yi magana gajera, sa'an nan ta yi shiru ta jira. Jiran nan shi ne mai wuya. In ya miƙa hannu wajen moɗa, kada ta ba shi nan take, ta ce "ruwa", ta dakata kaɗan, in ya yi ko da motsin baki ne ta ba shi ta yaba masa. Aiki kamar sa riga a yanka shi gunduwa-gunduwa, yau hannu ɗaya, gobe ɗayan. Mu malamai ai mun san wannan, ba wanda ke rubuta wa ƙolo shafi guda ran farko.

Sai fargaba, wadda ta kan kama irin yaran nan fiye da sauran. Maganinta shi ne a kusantar da yaro ga abin da ya ke tsoro sannu-sannu. A 1924 wata masaniya, Mary Cover Jones, ta ba da labarin wani yaro mai tsoron zomo. Yana cin abin da ya ke so, a kan ajiye zomon daga nesa, kullum a matso da shi kaɗan, har ya taɓa shi da hannunsa. Tun kafin wannan da kusan shekara dubu, Abu Zaidi Al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai, inda ya ce mutum ya tanadi tunani mai kyau lokacin da hankalinsa ke kwance, kamar yadda a ke ajiye magani a gida. Don haka numfashi a hankali, a shaƙa a riƙe a saki, ran da yaro ke cikin natsuwa a ke koya masa shi, ba sa'ad da ya riga ya firgita ba.

Haka na yi da almajirin nan nawa daga baya. Mako guda uwarsa na kawo shi bakin ƙofa bayan an tashi, ya ci dabino su koma. Sa'an nan ya shigo zaure ba kowa, sa'an nan da yara biyu masu karatu ƙasa-ƙasa. Na rubuta wa uwar matakan da ajami, don ba ta karanta boko, ta liƙa a bangon madafa. Har yanzu ba ya son haɗa ido da ni, kuma ran da a ka yi hayaniya ya kan fita tsakar gida, na kuwa bar shi. Amma da kansa ya ke wanke allonsa, ya jingine shi a wuri ɗaya kullum, in wani ya gusar da shi ya mayar.