Murjani da Muhimmancin Motsin Ruwa a Tankin Gilashi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin murjani a wuyan mata da cikin kayan amare, amma bai san shi da ransa ba. Kalmar aro ce daga Larabci, kuma ta zo a cikin Suratur Rahman. Fataken Sahara ne suka riƙa kawo jan murjani daga Bahar Rum zuwa kasuwannin Katsina da Kano. Wannan darasi zai yi bayanin yadda ake kiwon murjani mai rai a gida, da dalilin da ya sa rayuwarsa ta rataya ga motsin ruwa.

2.0 Mene ne Murjani?

Murjani ba dutse ba ne, ba kuma tsiro ba. Wasu ƙananan dabbobin teku ne da ke zaune a cunkushe, a manne wuri ɗaya. Ƙashin da wani jinsinsu ke ginawa shi ake fafewa a yi tsakiya da shi. Jinsin da ake kiwo a gida kuwa, akasari yana ɗauke da ƙwayoyin gansakuka a jikinsa, waɗanda ke samar masa da abinci ta hanyar haske.

3.0 Amfanin Motsin Ruwa

Misali mafi kusa yana nan a Jibiya, garin kan iyaka da ke bisa hanyar Katsina zuwa Maraɗi, inda ake kamun kifi a madatsar ruwan kogin Gada. Mai sayar da tarwaɗa mai rai ya san cewa in ruwan baho ya daɗe ba a sake shi ba, zai yi yauƙi da wari. Tarwaɗa takan jure, domin tana iya tasowa ta shaƙi iska. Murjani ba shi da wannan dama. Ruwa ne ke kai masa iskar oksijin da abinci, shi ne kuma ke kwashe masa ƙazanta. In ruwa ya kwanta, datti zai lulluɓe shi ya mutu.

Saboda haka ake sanya ƙananan injinan tura ruwa a cikin tanki. Ga murjani mai laushi, ana son su juya ruwan sau 10 zuwa 20 a kowace awa. Wato tanki mai lita 100 yana buƙatar injin da ke tura lita 1,000 zuwa 2,000. Ba a saita bakin injin kai tsaye ga murjani, don kada ya yage masa jiki. An fi son ruwa ya riƙa kai da kawo kamar igiyar teku.

4.0 Abin da Ya Dace da Mai Koyo

Mai koyo yakan fara da murjani mai laushi, kamar mai siffar laimar kwaɗi da mai kama da jemammiyar fata, domin sun fi juriya. Ana haɗa ruwansu da gishirin teku na musamman, kimanin giram 35 a kowace lita, ba da gishirin miya ba. Ɗumin ruwan kuma ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. A Jibiya, inda zafin watan Afrilu kan kai digiri 40, wajibi ne a sanyaya ruwan, a kuma tanadi batir ko na'urar hasken rana, domin ɗaukewar wuta ta dare ɗaya na iya hallaka tanki baki ɗaya.

5.0 Kammalawa

Yawancin ɗaliban firamare a ƙasar Hausa ba su taɓa ganin teku ba. Don haka ya kamata malami ya shiga aji da tsakiyar murjani a hannu, ya tuna wa yara bahon mai tarwaɗa, sannan ya kai su ga batun teku.

Auna Fahimta

1. Kawo ayyuka uku da motsin ruwa ke yi wa murjani.
2. Tanki mai lita 150 yana buƙatar injin da ke tura lita nawa a awa?