Mai Shan Jinin Da Ya Shigo Gari Da Kanti

A Gazawa da ƙauyukan da ke cin kasuwarta, idan yaro ya kwanta yana ramewa, ba a daɗewa sai a ji ana raɗa cewa mayya ce ta kama kurwarsa. Sau da yawa kuma wadda ake nunawa tsohuwa ce mai ƙosai ko daddawa, wadda ba ta da mai tsaya mata. Daga ranar cinikinta ya mutu.

Wannan ne ya sa a wannan makon muka ɗauko labarin wani littafin ban tsoro, domin su ma Turawa suna da nasu masu shan jinin. Sunan littafin 'Salem's Lot, wanda Stephen King na ƙasar Amurka ya fitar a 1975.

Labarin ya faru ne a wani ƙaramin gari na jihar Maine, inda kowa ya san kowa. Wata rana sai ga wani baƙo mai suna Straker, fes da shi cikin kwat, ya ce shi da abokin cinikinsa Barlow za su buɗe kantin kayan da. Ya sami dillalin gidaje Larry Crockett, ya nemi a sayar musu da kanti da wani tsohon gida da mutanen gari ke tsoro a kan dala 1 kacal, shi kuma ya ba shi takardun fili na miliyoyin daloli, bisa sharaɗin ya kama bakinsa. Dillali ya ga banza ta faɗi, bai tambayi komai ba. Ashe Barlow mai shan jini ne, kuma a cikin akwatin kaya aka shigo da shi. Aka fara da yara, sannan manya, duk wanda aka sha jininsa shi ma ya tashi yana neman na wani. Marubuci Ben Mears da yaro Mark Petrie suka kashe Barlow, amma garin ya riga ya zama kufai.

A Nuwamba 1979 gidan talabijin na CBS ya nuna labarin kashi 2, Tobe Hooper ne ya ba da umarni, David Soul ya fito a Ben, James Mason a Straker. Waɗanda suka kalla har yau ba su manta da yaron nan da ya mutu ba, ya dawo da dare yana shawagi a bakin taga yana ƙarzar gilashi don a buɗe masa. An sake shirya shi a 2004 da Rob Lowe.

Sai dai a ganinmu shirin 1979 ya rage wa labarin gishiri. Ya mayar da Barlow dodo mai sanƙo da shuɗiyar fata, ba ya ko magana. A littafin kuwa mutum ne mai daɗin baki da ladabi. Dodo kowa zai guje shi. Mai daɗin baki shi ake shimfiɗa wa tabarma.

'Yan kasuwa mun san irinsa. Idan ba a manta ba, MMM ta yi wa mutanen Najeriya alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, sai a Disamba 2016 ta rufe asusun jama'a. Kamar a littafin, wanda aka ciza shi ya jawo ɗan'uwansa, domin da ladan kawo sabon mutum.

Don haka iyayenmu mata, idan yaro na ramewa a kai shi likita a auna jininsa, zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun fi kowace mayya shan jini. Tsohuwa mai daddawa a bar ta ta ci kasuwarta. Wanda ya zo da ribar da ba a san tushenta ba, shi ne za a tsare da tambaya kafin a kwance bakin zane. Allah Ya tsare mana dukiya da zuri'a.