Maganin Hawan Jini Ba Ya Son Hutu

Da wuya ka shiga kemis a Ƙanƙara ko Sheme ba ka ga almakashi a kan kanta ba. Aikinsa yanka katin magani. Dattijo zai zaro tsohon kwali daga aljihu ya ce, "Ɗana, irin wannan, a ba ni na ɗari biyar." A yanko masa 'yan ƙwayoyin Amlodipine, ya sha har ciwon kai ya lafa, ya ce ya warke. Bai warke ba. Hawan jini yakan yi ɓarnarsa ne shiru, sai ran da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta tsaya, a kwashi mutum zuwa Funtuwa, daga can a ce sai Shika ko Katsina.

Zazzaɓin cizon sauro magani na kwana uku ya ishe shi. Hawan jini da ciwon suga da sikila kuwa zama suka zo yi. Abin da suke bukata ba shi da wani tsada idan aka kwatanta da wankin ƙoda: ƙaramin asibiti kusa da gida, ma'aikacin da ya san ka, na'urar awo mai aiki, da maganin da ba ya yankewa. Matsalar ita ce a Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun marar lafiya yake fita, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin magani ya yi tashin gwauron zabi. Mai allurar insulin ya fi kowa shan wuya, domin bayan tsada sai ya nemi inda zai sanyaya ta a garin da babu wuta.

A takarda an yi tanadi. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ƙananan asibitoci da marasa galihu. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Katsina ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KTSCHMA, kuma gwamnatin Dikko Raɗɗa ta ɗauki alkawarin asibiti mai aiki a kowace mazaɓa cikin 361.

Sai dai katin inshora a ɗaure yake da asibiti guda, wanda mutum ya yi rajista a cikinsa. To, ina amfaninsa ga matar da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyensu a Sabuwa ta koma Dandume wajen 'yan'uwa? Sunanta yana can, ita tana nan. Ma'aikacin lafiyar ma ɗan Adam ne, ba zai kwana inda ake ɗaukar mutane ba. Mutanen yankin ba su manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya aka kuma rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. Dalilin tsaro ne, amma mai ciwon suga da maganinsa ya ƙare a wannan lokaci ya ɗanɗana kuɗarsa.

Akwai kuma batun biya. Ma'aikacin gwamnati ana cire masa daga albashi, ba ya ma ji. Manomin Faskari sau ɗaya yake ganin kuɗi a shekara, da kaka, idan ma ya samu damar nome gonar. A ganina nan ya kamata hukuma ta same shi: a kafa teburin rajista a kasuwa ranar da ya sayar da masara, a karɓi na shekara gaba ɗaya. A bar katin ya yi aiki a duk asibitin gwamnati da ke jihar, kuma wanda jininsa ya daidaita a riƙa ba shi maganin wata uku lokaci guda, don ya rage bin hanyar da kowa ke tsoro.