Babi na Tara: Zanen Launin Ruwa da Alƙalami a Kan Kyautar Ƙoda

Duk wanda ya tashi a ƙasar Dutsin-Ma ko Kurfi, ya kuma taɓa halartar walimar saukar karatu, ya san allon zayyana, wanda gwani yake ƙawatawa da baƙi da ja da rawaya, da alƙalamin kara da tawadar da ya dama da hannunsa; amma kaɗan ne suka san cewa ƙaron nan da yake jiƙawa a cikin tawada domin ta kama allo, da shi ne masana'antun Turai suke haɗa launin ruwa har yau. Saboda haka fasahar da za mu yi bayaninta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Abin da yake sabo shi ne maƙasudin da za a fuskantar da ita gare shi, wato faɗakar da jama'a a kan bai wa majinyaci kyautar wani sashe na jiki, musamman ƙoda.

Wajibi ne mai zane ya fahimci mas'alar kafin ya tsoma alƙalami, domin wanda ya zana abin da ya jahilta, ɓatar da mutane zai yi. Allah Ya halicci ɗan Adam da ƙoda biyu masu siffar ƙwayar wake, a bayan ciki, dama da hagu, suna tace jini dare da rana, suna fitar da dattinsa ta hanyar fitsari. Idan kuwa suka gaza, galibi saboda hawan jini ko ciwon suga da aka daɗe ba a kula da shi ba, sai majinyaci ya koma ga na'urar wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, kowane zama kimanin awa huɗu, ga tsadar magani, ga wahalar zirga-zirga daga ƙauye zuwa Katsina ko Kano, har iyali su sayar da gona da bisashe. Daga cikin rahamar Ubangiji kuwa, mai cikakkiyar lafiya yana iya rayuwa da ƙoda guda, kuma a kan wannan ne ilimin dashe ya ginu.

A shekarar 1954, a birnin Boston na Amurka, likita Joseph Murray ya yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, tsakanin wasu tagwaye. A nan Arewa kuma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara wannan aiki a 2002. Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashe bisa sharuɗɗa: mai bayarwa ya yarda da kansa ba da tilas ba, amfanin da ake tsammani ya rinjayi cutarwa, kada a cire wa mai rai abin da ransa ya dogara a kai kamar zuciya, kuma kada a yi ciniki. Akwai malaman da suka saɓa, suna ganin jiki amana ne da ba a kyauta da shi, amma masu halattawa sun kafa hujja da cewa kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta haramta sayar da sassan jiki a Nijeriya.

To, idan ilimi ya samu, sai a tanadi kayan aiki: takarda mai kauri wadda ba ta lanƙwashewa in ta jiƙe, fensir, buroshi babba da ƙarami, launin ruwa, kwano biyu na ruwa, ɗaya na wanke buroshi ɗaya na damu, da alƙalami mai siririn baki. A manne gefunan takardar a kan katako, a fitar da siffa da fensir a hankali ba tare da dannawa ba, sa'an nan a fara shafa launi mai haske, a bari ya bushe sarai kafin a ɗora mai duhu a kansa, domin ƙa'idar wannan fasaha ita ce daga haske ake tafiya zuwa duhu, kuma duk inda ake son fari, sai a bar takardar yadda take. Wanda zai zana ƙoda, ya jiƙa wurin da ruwa zalla tukuna, ya ɗiga ja a tsakiya, ya bar shi ya bazu da kansa zuwa gefe, sa'an nan ya ƙara ƙasa-ƙasa a lungun da jijiyoyi suke shiga. A lokacin hunturu launi yana bushewa nan take ya bar shaida, don haka sai a yi aiki a ɗaki, a yawaita ruwa, a gaggauta hannu. Alƙalami shi ne na ƙarshe, domin tawadarmu ta gargajiya tana narkewa da zarar ruwa ya taɓa ta. Da shi ake fitar da iyakoki da jijiyoyi, a kuma rubuta saƙo da boko da ajami, yadda ɗan makaranta da almajirin tsangaya za su karanta baki ɗaya.

Game da abin da za a zana, ba lallai ba ne a suranta fuskar mutum, abin da da yawa daga cikin malamanmu suke ƙyama. Tafin hannu biyu, ɗaya yana miƙawa ɗaya yana karɓa, da ƙoda a tsakaninsu, an kewaye su da dagi irin na zayyana, sun isa isar da ma'ana. Haɗa gadon gida da dabarar waje shi ne tafarkin da ɗaliban zane na Zariya, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo, suka yi kira gare shi tun 1958. Sai dai a kiyaye gaskiya: ƙodar da aka dasa a mara ake sanya ta, ba a mazaunin tsohuwar ba, kuma wanda aka yi wa dashe zai riƙa shan magani muddin ransa domin kada jikinsa ya ƙi baƙuwar. Haka nan kada zanen ya nuna kuɗi ko alamar lada ta duniya, domin akwai azzalumai da suke yaudarar matasa matalauta su raba su da ƙodarsu.

Ya kai mai karatu, ko kana ɗalibi a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ko a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko kana gardi a wata tsangaya a Kurfi, idan Allah Ya hore maka baiwar hannu, ka nemi bayanin likita, ka nemi fatawar malami, sa'an nan ka zana abin da ka tabbatar, ka kai shi makaranta da asibiti inda jama'a za su gani, domin faɗakarwar da ta zama sanadin ceton rai sadaka ce, kuma Allah ba Ya tozarta ladan masu kyautatawa.