Abin da ke Kumbura Burodin Larabawa

Duk wanda ya taɓa cin shawarma, ko ya sayi burodi a shagunan Makka lokacin aikin Hajji, ya san burodin nan mai faɗi da ake kira pita, wanda in an yaga shi ake tarar da fili a ciki kamar aljihu. Shi ne abincin yau da gobe a Labanan da Siriya da Falasɗinu da Jodan, Misirawa kuma suna da irin nasu mai dusa. Gashin burodi ya daɗe a wannan yanki. A 2018 masu binciken kayan tarihi suka sanar da gano ɓurɓushin ƙonannen burodi a Shubaika, arewa maso gabashin Jodan, mai shekara kusan 14,400, tun kafin mutane su fara noma.

Masu gwada pita a gida kukansu ɗaya ne: ya ƙi kumbura. Sai a ɗora wa yis laifi, yau a ƙara cokali guda, gobe a ƙara wani, burodi ya fito da tsami kuma yana nan kwance. Ni dai ina takaicin fulawar da ake asara a haka, ga ta da tsada, alhali yis ya riga ya gama nasa aikin. Shi cin sukarin da ke cikin kwaɓin yake yi, ya fitar da iska, ta bar ƙananan ramuka birjik a ciki. Wanda ke buɗe aljihun kuwa tururi ne.

Da zarar kwaɓin da aka murza ya sauka a kan wuri mai tsananin zafi, sama da ƙasansa suna bushewa su kama jikinsu nan take, tsakiya kuwa tana nan da danshi. Ruwan tsakiyar ya kai digiri 100 ya zama tururi, kuma tururi yana cin wuri fiye da ruwan da ya haife shi sau 1,600 da ɗoriya. Ya nemi mafita ya rasa, sai ya bi ta ramukan da yis ya bari, ya haɗe su wuri ɗaya, ya raba burodin gida biyu. In wuta ta yi sanyi, tururin a hankali yake fita ya tsere, kwaɓin ya bushe ba tare da ya tashi ba. Shi ya sa gidajen burodi a ƙasashen Larabawa suke gashi da zafin da ya wuce digiri 400, ya gasu cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka. Masu gurasa a Kano ma ba sa manna kwaɓi sai tanderu ya yi zafi sosai.

Akwai kuma gulutin, sinadarin alkama da ke sa kwaɓi danƙo. Shi ke riƙe tururin, kuma ba ya ƙarfi sai an cuɗa da kyau, kamar minti 10. Garin masara ko na gero ba su da shi, don haka da wuya su yi aljihu.

Fulawa rabin kilo tana son ruwa mai ɗumi wajen mililita 320, da yis ƙaramin cokali 2, da gishiri da ɗan mai. In kwaɓin ya ninka, a raba shi 8, a dunƙula, a rufe ya huta minti 15. A murza kowanne da kauri ɗaya ko'ina, kimanin milimita 4 zuwa 5. Nan ne ake yawan kuskure, domin ɗan tsagewa ko ninki a gefe ya isa ya ba tururi ƙofa.

Mai oben ya kai shi ƙarshen zafinsa, digiri 250 in yana kaiwa, ya bar farantin gashi a ciki rabin awa kafin ya ɗora komai, kuma kada ya riƙa buɗe ƙofa. Minti 3 ya isa. Wanda ba shi da oben ya yi da kaskon ƙarfe mai kauri a kan garwashi ko gas: daƙiƙa 30 a fuska ɗaya, a juya, a sake juyawa in ƙuraje sun fito, sai ya tashi. Duk wanda aka sauke a lulluɓe shi da tawul mai tsabta don ya yi laushi.

In na farko ya ƙi tashi, kada a taɓa yis. A ƙara wuta, a jira kasko ya yi zafi, sannan a ɗora na biyu.